Sandunan Da Na Cire Ranar Lahadi

Ni mutum ne mai son a bi abu daki-daki. Duk wanda ya san shagona na yadi a unguwar Briqueterie ta Yawunde, wadda muke ce wa Birik, ya san haka. Shadda tana gefenta, atamfa tana gefenta, almakashi yana da ƙusarsa a bango. Karatuna bai yi nisa ba, na bar lakwal, wato makarantar boko, da wuri na shiga kasuwa, amma abin da na riƙe tun ina yaro shi ne ɗaya tana gaba da biyu. In za a yi gyara a masallacin layinmu, ni ake tambaya da me za a fara. Na faɗi wannan ne don a san wanda ya aikata abin da zan ba da labarinsa ba mutumin da ba a gaya masa ba ne.

Gidanmu kakana ya gina shi da jar ƙasa. Da bangon gaba ya fara yin ciki, sai na yanke shawarar rushe zaure da ɗakuna biyu, a yi babban falo a ƙasa, a zuba masa rufin kankare, wanda muke ce wa dal, 'yan Najeriya kuma su ce dakin, sannan a ɗora ɗakuna a sama don ɗana na fari da matarsa.

Na bi ƙa'ida tun daga farko. Na sa wani injiniya ya zana fasalin ginin, na kai meri, wato ofishin magajin gari, na yi ta zarya har aka buga hatimi aka ba ni takardar izinin gini. A layinmu mutane da yawa ba su damuwa da wannan sai sun wayi gari sun ga an shafa musu jan fenti na alamar rusau a bango. Ni kuwa na sa tawa takardar a leda na liƙa a ƙofa. In maƙwabci ya tsaya yana dubawa, sai in ce masa, "Haka ake yi." Na faɗi wannan magana ga mutane da yawa.

Maginin da na ɗauka dattijo ne daga duwatsun arewa, Kirista, ɗan wani ƙaramin coci da ke unguwar Madagascar. Ma'aikatansa duk danginsa ne da 'yan cocinsu. Ba su shan giya, ba su surutu a wurin aiki, ba su aiki ranar Lahadi ko me za ka ba su. Da shebur suke cuɗa siminti, kuma shi da kansa yake ƙirga baron yashi da na tsakuwa. Hausarsa ta kasuwa ce, ya fi sakewa da Fulatanci. Ya girme ni da kamar shekara goma, don haka Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Alhaji. Na zaɓe shi ne domin halinmu ya zo ɗaya.

Ranar wata Asabar aka zuba dal. Ba a raba zubinta kwana biyu, dole a fara a gama rana ɗaya, saboda haka gayya ake yi. Teloli suka rufe shaguna suka zo, masu tsire suka aiko mutanensu, aka yi layi daga ƙasa har kan tsani ana miƙa bokiti hannu da hannu. Mata suka dafa shinkafa da wake a cikin gida. Kafin magariba an gama.

A ƙarƙashin dal ɗin akwai katakon da aka zuba kankaren a kai, katakon kuma sandunan itace ne suka tokare shi daga ƙasa, layi bakwai, kowane layi sanda tara. In ka shiga falon sai ka yi ta karkacewa kamar mai ratsa gonar masara. Baba ya wanke hannu, ya kira ni ciki, ya dafa sanda ɗaya.

"Alhaji, kwana ashirin da ɗaya. Ko guda kada ta motsa."

Na ce, "Na sani, Baba. Injiniya ma ya rubuta a takarda."

Ya ce, "To. Takarda dai ba ta da hannu. Mutum ke cire sanda."

Na yi dariya, don a ganina da wani yake, ba da ni ba.

Ranar Litinin, kwana biyu da zubin, matar ɗana ta haihu. Mun ɗauka sai bayan mako uku. Namiji ne, jikana na fari. Suna kuwa ba ya jira, ranar Litinin mai zuwa ne.

A nan matsala ta taso. Damina ce, ruwan Yawunde kuma ba ya sallama. Layinmu in mace ta ɗauko daro sai mai zuwa ya manne da bango, ba wurin kafa rumfa. Tsakar gida ta mata ce da tukwane. Ba inda maza za su zauna sai sabon falo, shi kuma cike yake da sanduna.

Mafita tana nan, kuma an nuna mini ita. Liman da kansa ya ce mini bayan sallar azahar, "Alhaji, barandar masallaci tana nan, a shimfiɗa tabarmi a yi abin a can." Na yi godiya, na ce zan duba. A gida na ce wa ƙanena ai mu duka a ƙofar gidan nan aka raɗa mana suna, ba za a fara kai jikana wani wuri ba. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Dalilin shi ne mahaifin matar ɗana, wani attajiri da ke unguwar Tsinga, mai gida hawa biyu. Ranar ɗaurin aure ya shigo tsohon zaurenmu, ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufin da ya yi tsatsa. Shekara biyu ina ɗauke da wannan kallon. Ina so ya shigo ya ɗaga kai ya ga kankare.

Ranar Alhamis na tari Baba. Kullum da safe yakan zo ya hau ya duba dal, in ba a yi ruwa ba ya shayar da ita da bokiti.

"Baba, an yi mini jika."

"Na ji, Alhaji. Allah ya raya. Ya yi kama da kai ko Allah ya taimake shi?"

"Ya taimake shi. Baba, suna Litinin. Layi uku na tsakiya kawai nake so a cire, na gefe su tsaya. Da an watse sai a mayar."

Ya ajiye bokitin. "Tsakiyar ita ce mai nauyin. Ka ce a cire na gefe ma ba zan yarda ba, balle ita."

"Na hau jiya, na yi tsalle a kai. Kamar dutse take."

"Jikan naka ma yana da ƙafa biyu. Ka sauke shi ƙasa ya je kasuwa mana."

Ma'aikatansa biyu suka yi murmushi suka sunkuyar da kai. Na ji haushin murmushin fiye da maganar. Na ce, "Shi ke nan, na ji." Ya ɗauka na haƙura.

Ranar Lahadi ba ya zuwa, na san da haka, da shi na yi lissafi. Bayan la'asar na kira ƙanena, wanda yake tela, na miƙa masa guduma.

Ya ce, "Yaya, dal ɗin nan kwananta takwas."

"Simintin yanzu ba irin na da ba ne. Tsofaffin magina ba su san haka ba."

"To Baba ya yarda?"

"Ni ka tambaya ko Baba? Gidan wa ne?"

Ya karɓi gudumar. A gidanmu ƙane ba ya maimaita tambaya.

Na tsara aikin yadda na saba tsara komai. Da farko muka cire layi na huɗu, wato na tsakiya, daga bango zuwa bango. Muka tsaya muka saurara. Sannan na uku. Muka tsaya. Sannan na biyar. Bayan haka muka ɓamɓaro katakon da ke sama, muka jera shi a bayan gida, dogaye a ƙasa, gajeru a sama, ƙusoshi a gwangwani. Ina jin a raina cewa abin da aka yi da tsari irin wannan ba zai zama ɓarna ba. Da muke cire layi na biyar, wani abu ya yi ƙas a sama, kamar an karya kara. Ƙanena ya dube ni. Na ce katako ne.

Kankaren da ya bayyana ba shi da kyan gani, duk zanen katako ne da tabo. Sai na je shago na yanko farin yadi mai faɗi, muka ɗaure shi a jikin sandunan da suka rage, ya rufe saman gaba ɗaya. Ya yi kyau ƙwarai. Aka share ƙasa, aka kawo tabarmi da darduma. Mahaifiyata, wadda ta haura tamanin, ta sa aka kawo mata kujera tsakiyar falon, ta zauna tana nuna inda za a sa dardumar Liman da inda za a ajiye goro. Ta fi awa ɗaya a wurin. Ta ɗaga kai ta dubi farin yadin ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ce amin.

Litinin da safe, bayan an sauko daga asuba gari ya waye, mutane suka fara zuwa. An yi ruwa kafin asuba, ƙasa duk laka. An ɗaure rago a bakin ƙofa. Mutum kamar goma sha biyar sun riga sun zauna a ciki, har da surukin nawa na Tsinga, wanda ya shigo ya ɗaga kai ya ce, "Ma sha Allah, Alhaji, aiki ya yi." Na samu abin da nake nema. Bai kai minti goma a hannuna ba.

Baba ya iso da bokitinsa kamar kullum. Ya tsaya a bakin ƙofa. Bai yi gaisuwa ba, shi da ba ya wuce ko yaro bai gaishe shi ba. Ya dubi inda sanduna suke a da, ya dubi yadin, sai ya saki bokitin ya faɗi.

"Ku fito. Kowa ya fito. A hankali, kada a taɓa sanda."

Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Fulatanci, ya ƙara da Faransanci. Wasu suka miƙe, wasu suka dube ni. Daidai lokacin Liman ya iso da dattawa uku a bayansa. Baba ya buɗe hannuwansa biyu ya tare ƙofar.

"Malam, yi haƙuri, ba za ka shiga ba."

Liman ya tsaya. Ya ce, "Alhaji, lafiya?"

Zan faɗi abin da na yi bi da bi, don abu biyu ne, kuma na biyun ya fi na farko muni.

Na farko, na ce, "Allah gafarta Malam, ba komai. Shi da kansa ya ce a cire na tsakiya. Tsufa ne, ya manta."

Liman ya juya. "Baba, ka ce a cire?"

"Ban ce ba."

Surukina ya fito yana gyara babbar riga. Ya ce, "To ya rantse mana, a huta."

Baba ya ce, "Mu a wurinmu ba a rantsuwa. Na ce ban ce ba. Ku dai fito tukuna, sai a yi shari'ar a waje."

Na biyu, na ɗaga murya yadda har matan da ke cikin gida suka ji, na ce, "Allah gafarta Malam, yanzu maganar arne za a ɗauka a bar tawa, a ƙofar gidan ubana?"

A layin nan muna zaune da Kiristoci tun zamanin kakana, wasunsu ranar Asabar ɗin can suna cikin masu miƙa bokiti, biyu daga cikinsu suna tsaye a wurin sun zo taya ni murna. Baba bai sauke hannunsa daga ƙofar ba. Fuskarsa ma ba ta canza ba. Ya ce da mutanen da suka rage a ciki, "Ku bi ta gefen bango."

Liman ya nemi ƙanena da ido har ya same shi a bayan rago. Ya ce, "Kai, kana nan aka cire?"

Ƙanena ya dubi ƙasa. Ba zai ƙaryata ni a gaban jama'a ba, ba zai kuma yi wa Liman ƙarya ba. Da ƙyar ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi sunan a masallaci."

Kowa ya gane. Liman ya ɗauke kai daga gare ni. Ya juya ya kama hanya, mutane suka ɗebi takalmansu suka bi shi. Wani ya ɗauki tiren goro, wani ya ja rago. A barandar masallaci aka raɗa wa jikana suna. Ni na raɗa wa Liman sunan a kunne, amma addu'ar da aka yi ban ji ko kalma ɗaya ba. Mutane suka yi mini barka, kowa ya miƙo hannu yana kallon wani wuri.

Da na dawo, na tarar Baba ya aika an kira ma'aikatansa. Ya hana su shiga tsakiya. Shi kaɗai ya shiga, suna miƙo masa sanda daga gefe, yana tokarawa yana buga mata ƙafa, ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye a waje ina kallon dattijon da na zaga yana aiki a ƙarƙashin abin da na lalata. Sai da ya mayar da layi ukun duka sannan ya ce, "Alhaji, shigo."

Ya riga ya kwance yadin, yana ninke a gefe. Ya buɗe mini shi. Akwai layin jiƙa a tsakiyarsa daga wannan baki zuwa wancan. Ya nuna sama. Tsaga ce siririya, ruwan da aka yi kafin asuba yana ɗiga ta cikinta. Ya ɗaura igiya daga bango zuwa bango a ƙarƙashin kankaren, ya ja ta ta miƙe, sai tsakiyar dal ɗin ta danne igiyar. Ya auna, ta sauko yatsa biyu. Daidai wurin aka sa kujerar mahaifiyata jiya, daidai wurin aka shimfiɗa dardumar Liman.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ka kira injiniyanka."

Injiniya ya zo washegari, ya hau, ya sauka, ya ce ba za a ɗora ko bulo ɗaya a kan wannan ba, sai an fasa an sake. Ya tambayi wanda ya cire sandunan. Baba ya dube ni. Na ce ni ne. Wannan ne karo na farko da na faɗa da bakina.

Mahaifiyata ta aika a kira ni. Na durƙusa a bakin gadonta. Ba ta yi maganar dal ba, ba ta yi maganar kujerarta ba. Ta ce, "Mutumin nan da ka kira da wancan suna, ya fasa tare ƙofar?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta ce, "To tashi ka je."

Ranar Laraba na same shi a bayan gida yana gyara ƙotar babbar guduma. Na ce, "Baba, na yi maka ƙarya, na kuma zage ka. Ka yafe mini."

Ya ci gaba da buga ƙotar. Ya ce, "Zagin na yafe tun ranar. Ba yau na fara jin sa ba, ko da yake ban zaci daga bakinka ba. Amma ƙaryar ba tawa ba ce ni kaɗai. Mutanen nan da aikin hannu suke ci. In aka ce magininsu yana cire sanda a kwana takwas, wa zai kira mu? A gaban jama'a ka faɗa, Alhaji, yanzu kuma ka kawo mini gyaran a bayan gida wurin tulin katako."

Ranar Juma'a bayan la'asar, da aka yi sallama, na miƙe a masallacin layinmu kafin mutane su watse. Na tsara abin da zan faɗa tun safe, amma da na miƙe tsarin ya gudu. Na ce magini bai ba ni izini ba, ya hana ni, ni na cire da hannuna ranar da ba ya nan, kuma na sa ƙanena dole. Na ce kalmar da na jefe shi da ita ban da hujjarta. Liman ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Wani tsohon tela daga sahun baya ya ce, "Amin. Yadin dai ya yi kyau, Alhaji." Aka yi dariya kaɗan, aka tashi. Daga nan na bi maƙwabtan nan biyu Kiristoci har gidajensu na maimaita. Ɗaya ya ce ba komai. Ɗayan ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji.

Kwana huɗu ana fasa dal. Shagona ba shi da nisa da gida, kowace guduma ina jin ta ina auna yadi. Masu wucewa sukan ce, "Sannu da aiki, Alhaji," su wuce.

Da aka tashi zubi na biyu, na yi zaton ba wanda zai zo gayya. Suka zo, kusan dukansu, har da wanda ya ce ya ji. Na shiga layi na karɓi bokiti, ba wanda ya ce in koma in zauna kamar yadda aka ce mini a karon farko.

Da aka gama, Baba bai kira ni ciki ya gaya mini adadin kwanaki ba. Washegari Lahadi ce, sai ga shi da sassafe cikin kayan coci, ba bokiti. Ya yi sallama, ya ce in fito. Ya shiga falon ina biye da shi, ya dafa sandar farko ya ce ɗaya, ya dafa ta biyu ya ce biyu, da ƙarfi, har sittin da uku. Sannan ya ce, "Sai gobe, Alhaji," ya tafi.

Haka ya yi kowace safiya har kwanakin suka cika, a gaban ma'aikatansa, wani lokaci a gaban ɗana. Ba ya fara ƙirga sai na fito na tsaya. Gidana ne, ni na ɗauke shi aiki, kuma na san da na ce ya isa haka, da ya daina. Ban ce ba.